Zaure Nasa, Rumfa Taki

'Yar'uwa, ko kin san rumfar tsakar gidanki tana da tarihi? Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya fara kulle, a fada. Amma a ƙauyukanmu na Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa, sai a ƙarni na 20 kulle ya yaɗu, bayan an daina bauta, aka kuma yawaita haƙa rijiya cikin gida.

Daga nan tsakar gida ta zama duniyar mace. Maigida ya kafa dirkoki, ya rufe da karan dawa ko zana, shi ke nan an sami inuwa. A nan kakanninmu suka yi kaɗi, suka soya ƙuli-ƙuli, suka tara kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu.

Yau langa-langa ya kori kara, ga zafi kamar tanda. Kuma duk ɗan da zai yi aure, tsakar gida ake yanka a yi masa ɗaki, don gona ta yi kaɗan, ba ta taɓuwa.

Ni dai shawarata, in za a ƙara gini, ki lallaɓi maigida ya bar miki wurin rumfa. Nan ce kasuwarki. Allah Ya sa mu dace.