Mutuwar Baffa Ben Sau Biyu

A 1962 ne Stan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man a Amurka, cikin shafi 11 kacal. Gizo-gizo ya ciji Peter Parker, ya sami ƙarfi, ya ƙyale ɓarawo ya wuce, ɓarawon nan ya kashe baffansa Ben. Kafin mu san tsohon har ya tafi.

A 2000 Brian Michael Bendis ya sake labarin a Ultimate Spider-Man, amma Ben bai mutu ba sai a fitowa ta 4. Mun zauna da shi, mun ji yana yi wa yaron faɗa. Wasu suka ce jan rai ne don mujalla ta sayu (mu masu littafi na 1 zuwa na 3 mun sha wannan zargin). Ni dai mutuwa ta biyun ce ta sa na ajiye mujallar na yi shiru.