Yadda likitoci suka koyi sa wa tawadar Allah ido

Da wuya ka samu mutumin da ba shi da tawadar Allah ko ɗaya. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suke dunƙulewa wuri guda. Yawanci takan fito tun ana yara zuwa samartaka, ta ɗan girma tare da jiki, sannan ta tsaya cak. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne yadda za a gane wadda ba ta tsaya ba.

A 1820 wani likita a Ingila, William Norris, ya rubuta labarin majinyacinsa ɗan shekara 59, mai tawada a mara tun da can, wadda daga baya ta soma sauya launi har ta zama ƙari. Aka yanke ƙarin, ya dawo, ya bazu a jiki, ya yi ajalinsa. Norris ya lura cewa irin cutar ce ta kashe mahaifin mutumin, kuma 'ya'yansa duk suna da tawada birjik. Kansar fatar da yau ake kira melanoma ke nan.

Sai a 1985 aka samu ƙa'idar da kowa zai iya riƙewa. Likitoci uku a Jami'ar New York, Friedman da Rigel da Kopf, suka fito da ABCD, wato haruffan farko na kalmomin Turanci huɗu: ɓarin tawadar bai yi kama da ɗaya ɓarin ba, bakinta ba a daidaice yake ba, launinta ya gauraya, faɗinta ya wuce milimita 6. A 2004 aka ƙara E, mai nufin tana canjawa. Ka ji fa, abin da Norris ya fara gani shi ne aka saka a ƙarshe, kuma a ganina ya fi sauran nauyi, don tawada tana iya zama mummunar gani shekara da shekaru ba ta cutar da kowa ba.

Shi ya sa aikin likitan fata a yau ya koma kwatantawa. Yakan duba da ƙaramar na'ura mai fitila da gilashin ƙara girma, irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a ƙarshen shekarun 1980, ya ɗauki hoto, ya ce a dawo bayan wata 3. In ta sauya, sai a cire a kai ɗakin gwaji.

To me zai hana a cire su duka a huta? A 2003 an gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na tawadar Allah suna ɗauke da gurɓacewar ƙwayar gado mai suna BRAF, wadda ake samu a kansar ma. Amma a 2005 masu bincike a Holan suka nuna cewa ƙwayoyin tawadar da kansu suke taka burki su daina rabuwa. Ban da haka, kusan biyu bisa uku na melanoma a sabon wuri take fitowa, ba daga tsohuwar tawada ba.

Sai dai akasarin wannan ilimi a jikin Turawa aka tattara shi. A wurin baƙar fata cutar ba ta da yawa, amma in ta zo ta fi son tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da ba a cika dubawa ba. Baƙin tabon da ya fito wa Bob Marley a farcen ƙafa a 1977, da fari an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36.