Tarihin miƙa na'ura ga baƙo a kanel ɗin Linux

Ana iya tayar da kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta ta gaske. Masu wannan sana'a suna kiran ta gasken mai masauki, ta kwaikwayon kuma baƙo. Bisa al'ada baƙo ba ya taɓa kayan gidan da hannunsa: katin sadarwa da katin zane da yake gani duk manhaja ce ta ƙirƙira masa su. Miƙa na'ura kai tsaye shi ne mai masauki ya sakar wa baƙo wani kati na gaske da ke kan layin PCI, baƙon ya ɗora masa direbansa, ya samu gudun da kwaikwayo ba ya bayarwa.

Wahalar tana wajen abin da ake kira DMA. Kati yana rubutu cikin RAM da kansa, ba ya jiran furosesa. Baƙo yana ba shi adireshi bisa nasa lissafin, shi kuwa katin adireshin gaske kawai ya sani, don haka yana iya zuba bayanai a kan kayan mai masauki. Xen, wani tsarin tayar da baƙi wanda ya fito daga Jami'ar Kembirij a 2003, ya yi wannan miƙawa tun da wuri da direban pciback, amma a injinan lokacin amana ce kawai ke tsare gidan. Maganin daga ƙarfe ya zo: IOMMU, mai gadi da ke fassara kowane adireshi kafin kati ya kai ga RAM. Intel ta kira nata VT-d, AMD ta kira nata AMD-Vi.

KVM, tsarin tayar da baƙi a cikin kanel, aikin Avi Kivity na kamfanin Qumranet a Isra'ila, ya shiga Linux 2.6.20 a Fabrairun 2007, kuma a 2.6.28, ƙarshen 2008, ya samu hanyarsa ta miƙa na'ura. Wanda ya yi aiki da ita ba ya manta ta. Sai ka kunna VT-d a BIOS, ka ƙara intel_iommu=on a layin tayar da kanel, ka duba lambar katin da lspci, misali 8086:10c9 ta katin sadarwa na Intel 82576. Sannan ka ƙwace shi daga direbansa, ka damƙa wa pci-stub, wani direban da ba ya aikin komai sai riƙe kati kada wani ya ɗauka. Idan kana da kati biyu iri ɗaya kuwa ka shiga uku, domin lambarsu ɗaya ce, pci-stub na iya kwashe duka biyun. Sai a 3.16, shekarar 2014, aka samu driver_override, mai bari a nuna kati ɗaya tak.

Hanyar ta yi aiki, amma ginin a karkace yake. KVM ya koma yin aikin direba, aikin da ba nasa ba, kuma a kan x86 kusan duk amfaninta ya tsaya. Mafi muni, tana ɗaukar kowane kati a matsayin mai zaman kansa, alhali wasu katuna na iya magana da juna ta bayan mai gadin.

VFIO ya zo gyara wannan. Tom Lyon na Cisco ne ya fara shi a 2010, Alex Williamson na Red Hat ya ɗora, aka shigar da shi Linux 3.6 a 2012, QEMU 1.3, mai ƙirƙira wa baƙo kayan kwaikwayo, ya karɓe shi a Disambar shekarar. VFIO ya cire aikin daga KVM, ya kawo rukunin IOMMU: na'urorin da ba a iya raba su da juna ana haɗa su rukuni ɗaya, kuma ba a miƙa ɗaya sai an janye sauran daga direbobin mai masauki. Dokar daidai ce, sai dai ta ɓata wa masu injinan gida rai, don allonsu sau da yawa ba shi da ACS, abin da ke hana katuna magana da juna ta bayan mai gadin, sai katin zane ya faɗa rukuni ɗaya da wasu na'urorin da ake buƙata. Williamson ya rubuta wani faci mai sa kanel ya yi kamar akwai ACS. Ba a taɓa karɓar facin cikin babban kanel ba, tunda yana rushe katangar da VFIO ya zo ginawa, duk da haka mutane sun yi shekaru suna manna shi da hannu.

Katin zane ya fi kowa taurin kai. Tallafin VGA ya shiga VFIO a 3.9, shekarar 2013, amma direban GeForce na Nvidia yakan ƙi tashi da ya gane yana cikin baƙo, Windows ya nuna kuskure mai lamba 43. Aka riƙa ɓoye masa KVM da kvm=off, har kamfanin ya janye shingen a Maris 2021.

An goge tsohuwar hanyar KVM daga kanel a 4.12, Yulin 2017. A ɗakunan sabar ba ta mutu a lokacin ba: RHEL 6, mai kanel 2.6.32, da ita ya dogara, kuma Red Hat ta ci gaba da kula da shi har Nuwambar 2020.