Karnukan Ɗebe Kewa a Gidajen Kula da Tsofaffi: Nazarin Tasirinsu da Sharuɗɗan Amfani da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci al'adar kai horarrun karnuka ziyara gidajen kula da tsofaffi a Turai da Amurka ta Arewa. An bi tarihin al'adar, aka auna sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa tsakanin 2002 da 2019, sannan aka dubi haɗurran da ke tattare da ita. Nazarin ya gano cewa ziyarar tana rage kaɗaici, tana kuma sassauta ciwon damuwa kaɗan, amma babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa tana dakatar da gigin tsufa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa hanya ce ta ɗebe kewa, mai buƙatar yardar tsoho, da tsafta, da kiyaye haƙƙin dabbar.

Muhimman kalmomi: tsofaffi, kaɗaici, gigin tsufa, karnuka, ɗebe kewa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen da suka ci gaba ta fuskar masana'antu, tsofaffi da dama suna ƙare rayuwarsu ne a gidajen kulawa, nesa da 'ya'ya da jikoki. Ana ba su abinci da magani a kan lokaci, amma sukan wuni ba wanda ya zauna hira da su. Da yawansu kuma suna fama da cutar mantuwa, wadda Hausawa ke kira gigin tsufa, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mutum fiye da miliyan 55. Tun da magungunan kwantar da hankali suna da illa ga masu wannan larura, masana sun daɗe suna neman hanyoyin da ba na ƙwaya ba. Ziyarar karnuka na daga cikinsu. Tambayar wannan maƙala ita ce: mene ne ainihin abin da kare ke yi wa tsoho, kuma da wane sharaɗi?

2.0 Waiwaye

Tun a 1796 William Tuke ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a York ta Ingila, inda aka riƙa ajiye ƙananan dabbobi a farfajiya domin majinyata. Sai dai batun bai shiga fagen ilimi sosai ba sai a 1962, lokacin da Boris Levinson, masanin halayyar yara a Amurka, ya wallafa abin da ya lura da shi: yaran da suka ƙi buɗe baki gare shi sukan saki jiki idan karensa Jingles yana ɗakin. A shekarun 1970 Samuel Corson da matarsa Elizabeth, na Jami'ar Jihar Ohio, suka gwada hanyar a asibiti, daga baya suka kai ta gidan tsofaffi.

Daga nan ƙungiyoyi suka taso. Wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa Therapy Dogs International a 1976. A 1977 aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Pet Partners. A Birtaniya kuwa, Lesley Scott-Ordish ta kafa Pets As Therapy a 1983. A farkon shekarun 1990 likita William Thomas ya fito da tsarin Eden Alternative a wani gidan tsofaffi na Jihar New York, yana mai cewa annoba uku ke cin mazauna irin waɗannan gidaje: kaɗaici, da jin rashin kataɓus, da gundura.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Wannan nazari ne na rubuce-rubucen da suka gabata. An fifita gwaje-gwajen da suka raba mahalarta rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, domin su ne ke iya bambance tasirin kare da abin da zai faru ko babu shi. An bambance abu biyu kamar yadda masana fannin suke yi: ziyarar sa-kai, wadda mai kare ke kawo dabbarsa don gaisuwa da shafawa, da kuma shirin jinya, wanda ƙwararre ke tsarawa da manufa, yana rubuta ci gaban kowane tsoho.

4.0 Sakamakon Nazari

4.1 Kaɗaici

A 2002 Marian Banks da William Banks suka raba tsofaffi 45 na gidaje uku a Amurka zuwa rukuni uku: waɗanda ba a kawo wa kare ba, da masu ziyarar minti 30 sau ɗaya a mako, da masu ziyara sau uku. Bayan mako shida, ma'aunin kaɗaici ya sauka a rukunai biyun da suka ga kare, kuma ko ziyara ɗaya a mako ta yi tasiri. Abin lura shi ne, galibin waɗanda suka amince su shiga gwajin sun taɓa kiwon dabba a rayuwarsu. A 2005 masanan suka gano cewa ziyarar tsoho shi kaɗai ta fi rage kaɗaici a kan zaman taro da kare. A 2008 kuma, tare da Lisa Willoughby, suka kwatanta kare mai rai da karen inji na kamfanin Sony mai suna AIBO, sai suka tarar dukansu biyu sun rage kaɗaici.

4.2 Damuwa da Gigin Tsufa

A Norway, Christine Olsen da abokan aikinta sun wallafa gwaji a 2016 a kan tsofaffi 58 masu cutar mantuwa a gidaje goma. An riƙa yin zaman minti 30 sau biyu a mako har mako 12. Alamun damuwa sun ragu a tsakanin waɗanda cutar ta yi wa tsanani, amma ba a ga sauyi a rashin natsuwarsu ba. A shekarar dai, Karen Thodberg da abokanta a Denmark suka bi tsofaffi 100 a gidaje huɗu. Baƙo yakan zo da kare, ko da PARO, wani mutum-mutumi ƙirar Japan mai siffar jaririn dabbar teku, ko da 'yar tsanar kyanwa. Tsofaffin sun fi taɓa kare da PARO da yi musu magana, sai dai sha'awar PARO ta riƙa dusashewa a kwana a tashi. Barcin rukunin kare ya ɗan ƙaru a mako na uku, amma ba a ga tasiri mai ɗorewa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

Bitar da cibiyar tantance binciken lafiya ta Cochrane ta wallafa a 2019 ta tattara gwaje-gwaje tara masu mahalarta 305. Hukuncinta shi ne hanyar na iya rage alamun damuwa kaɗan, bisa hujja mai rauni, kuma babu bayyanannen tasiri a sauran fannoni.

4.3 Yadda Tasirin ke Faruwa

Odendaal da Meintjes na Afirka ta Kudu sun nuna a 2003 cewa bayan ɗan zama ana shafa kare, sinadarin oksitosin mai alaƙa da shaƙuwa yana ƙaruwa a jinin mutum da na karen, sinadarin kotisol mai alaƙa da gajiyar rai kuma yana sauka a jinin mutum. Ban da wannan, kare ba ya buƙatar tsoho ya tuna suna ko rana, don haka mai gigin tsufa ba ya jin kunyar kasawa a gabansa. Yana kuma ba shi damar ya zama mai bayarwa, ya shafa, ya taje gashi, bayan ya saba a yi masa komai.

4.4 Haɗurra

Kare na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga gado zuwa gado. Binciken Sandra Lefebvre da abokanta a Kanada, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna karnukan da ke shiga wuraren jinya sun fi sauran kwasar ƙwayar MRSA mai bijire wa magani. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana cututtukan asibiti ta Amurka ta fitar a 2015 sun buƙaci kare ya kai shekara ɗaya, kada ziyara ta wuce awa ɗaya, kada a ciyar da shi ɗanyen nama, a kuma wanke hannu kafin taɓa shi da bayan haka. Akwai kuma haɗarin yakushi a fatar tsoho mai rauni, da tuntuɓe da igiya.

5.0 Tattaunawa

Waɗannan gwaje-gwaje suna da rauni iri ɗaya: mahalarta kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma ba a iya ɓoye wa kowa rukunin da yake ciki. Kare ba ya zuwa shi kaɗai. Mai shi na tare da shi, yana gaisuwa, yana tambayar lafiya. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, kuma wani kaso na amfanin da ake jingina wa kare, na wanda ya tako ya zo ne. Wannan bai rage darajar al'adar ba. Awa guda ta walwala ga wanda ya wuni shiru alheri ne a karan kansa, ko da bai bayyana a ma'aunin likita ba. Kuskuren shi ne a tallata ziyarar a matsayin magani, ko gida ya fake da ita ya rage ma'aikata.

Batun yarda ma yana da nauyi, domin gidajen tsofaffi na Turai yanzu suna ɗauke da mutane daga al'adu daban-daban. Malikawa suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'awa da Hambalawa kuwa suna ganin akasin haka. Bahaushe ya san kare ne a wajen gadi da farauta, ba a kan gado ba. Tsohon da ya tashi a irin wannan tarbiyya, ko wanda kare ya taɓa ciza, zai iya firgita, kuma mai gigin tsufa ba lallai ya iya faɗa ba. Shi ma karen yana da haƙƙi: yawan hamma, da lasar leɓe, da kau da kai alamu ne na gajiya, kuma bitar Cochrane ba ta sami bayanai a kan lafiyar dabbobin ba.

6.0 Kammalawa

Hujjojin da ake da su sun nuna ziyarar karnuka tana rage kaɗaici, tana ɗan sassauta damuwa, amma ba ta warkar da gigin tsufa. Don haka ana ba da shawarar a tambayi kowane tsoho ko iyalinsa kafin a shigar da kare ɗakinsa, a tabbatar da rigakafi da horon dabbar, a fifita ziyarar mutum ɗaya ko ƙaramin rukuni, a kuma gudanar da manyan gwaje-gwaje masu tsawon lokaci da za su auna lafiyar tsoho da ta kare tare. Gidan da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya dace ya buɗe ƙofarsa ga karnukan ɗebe kewa, muddin bai ɗauke su a madadin ziyarar dangi da kulawar ma'aikata ba.