Birnin Ƙonni: Maƙwabcin Da Ya Girmi Iyaka

Mutumin Darna Sabon Gari ba ya cewa zai tafi ƙasar waje idan Ƙonni ya nufa. Kabu-kabu zai hau zuwa Illela, ya wuce shingen kwastan da na jami'an shige da fice, kafin ya gama gyara zama sai ga shi a Jamhuriyar Nijar. Naira ta koma sefa a teburin ɗan canji, allunan ofisoshi sun koma Faransanci, amma "ina kwana" da "ina gajiya" suna nan yadda ya baro su a gida.

Ƙonni tsohon birni ne na ƙasar Hausa, ya daɗe ƙarƙashin Gobir kafin jihadi. A ƙasarsa ne Musa Jakollo, kakan kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yada zango da jama'arsa bayan tasowarsu daga Futa Toro. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu a 1754, kafin gidansu ya koma Degel, wadda yau take cikin ƙasar Gwadabawa. Ke nan wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Kware da Gwadabawa da Illela har Ƙonni, sawun gidan Shehu yake bi, daga inda daula ta kafu zuwa inda tsatsonta yake.

Garin ya ga baƙar rana a watan Mayun 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka masa. Ganuwa ba ta tsare harsashi ba. Aka karkashe jama'a ba adadi, aka banka wa birni wuta, makonni kaɗan bayan artabun da rundunar ta yi da Sarauniya Mangu a Lugu. Iyaka kuwa, Ingila da Faransa ne suka zauna a Turai suka ja layinta. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, sai gyaran 1904 da na 1906 suka matso da iyaka kudu, don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Haka Ƙonni ya faɗa ɓangaren Faransa, Illela ta zauna a na Ingila, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga masu ƙasa ba.

Yau Ƙonni yana cikin jihar Tawa, bisa babban titin da ya haɗa Yamai da Maraɗi. Amma wanda ke son ganin garin sosai, sai ya fita karkara. Da kaka, damman gero na jingine a bakin gona, mata na sussuka, rumbunan ƙasa masu kama da manyan tuluna sun jeru a bayan gidaje. Da rani kuma fadama ce ke magana: albasar Galmi mai jan ɓawo, wadda sunanta ya kai har kasuwannin bakin teku, tana cike buhuna a gefen titi. Madatsun Mozage da Zango ne ke tare ruwan kwarin Majiya don noman rani, abin da ya tsira kuma ya gangaro ya zuba a tafkin Kalmalo, a ƙasar Illela. Manomin Kalmalo ya san idan aka tare da yawa a sama, shi ne zai ji a jikinsa.

Kasuwa ma haka take: Lahadi ta Illela, Laraba ta Ƙonni, dillalai ɗaya, shanu da raƙuma da tumaki suna kai da komo. Shi ya sa rufe iyaka a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, suka zame wa talakan yankin azaba. Ba kaya kaɗai aka tsare ba, har da zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa.

Ya kamata malaman makarantun Darna da Illela su riƙa kai ɗalibai Ƙonni, su zauna gaban dattawa su ji tarihi daga bakin masu shi. Yaron da ya san inda aka haifi Shehu, ya kuma san daga ina ruwan Kalmalo yake zuwa, ba zai kira Baƙonne baƙo ba.