Yadda Buhun Takin Gwamnati Ya Zo Dutse

Idan manomin Kiyawa ko Jahun ya ce "tallafi", buhu yake nufi, mai kilo 50, na kamfa ko yuriya. A Amurka kuɗi ake zuba wa manomi a asusu. A nan kuwa tun farko kaya ake ba shi, kuma tarihin abin duka rigima ce kan hannun da buhun zai bi kafin ya isa gona.

Kakanninmu mangala suka sani. Da bazara jaki ya kwashe takin gida zuwa gona, ko a roƙi Fulani su zauna da shanu a kan sauran karan girbi. Da malaman gona suka fara yawo da takin zamani, dattawa da yawa sun ƙi shi, wai yana ƙona ƙasa.

A 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, gwamnatin tarayya ta karɓe sayen taki da rabonsa. Kuɗin mai na shigowa, har a wasu shekarun ita ke ɗauke da fiye da kashi uku cikin huɗu na farashin. Lokacin Dutse tana ƙarƙashin Kano, inda hukumar KNARDA da kamfanin KASCO suka riƙe harkar tun farkon shekarun 1980. Bayan ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kafa takwarorinsu, JARDA da JASCO.

Araha ba ta rasa masoya. Takin da aka turo wa ƙauye sai a gan shi a rumfar ɗan kasuwa, wani ma ya tsallaka iyaka. Gwamnatin Abacha ta janye tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999 kan kashi 25 cikin 100. Da siyasa ta kankama, rabo ya koma bin mazaɓa, kuma kowa ya san sunan da ake fara kira. Sau da yawa buhu guda mutum huɗu ko biyar ke zagaye shi da kwano.

A 2012 Ministan Gona Akinwumi Adesina ya fito ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma ne kaɗai ke ganin takin. Ya kawo tsarin GES: a yi wa manomi rajista, a tura masa saƙo a waya, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Dabarar ta yi, amma wanda ya tsara ta bai zauna a ƙauyen da ake hawa tudu neman sabis ba. Ka ga tsoho ya miƙa wa jikansa waya ya karanta masa saƙon Turanci, sannan ga neman rabin kuɗin a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wasu a bakin rumfar suke sayar da rabonsu. Daga baya bashin da dillalai ke bin gwamnati ya durƙusar da shirin.

Ƙarshen 2016 Shugaba Buhari ya sake salo, aka ƙulla yarjejeniya da Maroko kan sinadarin da ake haɗa taki da shi a gida, aka tsayar da buhu kan Naira 5,500. Gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, shi ya jagoranci kwamitin. Faɗuwar naira da yaƙin Rasha da Yukren a 2022 suka tafi da wannan farashi.

A Nuwamban 2023 an ƙaddamar da tallafin noman alkama na ƙasa a yankin Haɗeja, shi ma kan rabin kuɗi. Mai fadama ya dara. Amma yawancin gonakin Dutse, Buji da Gwaram na tudu ne, gero da dawa da riɗi, ruwan sama kaɗai suke jira. Mai irin wannan gona a watan Yuni yake buƙatar buhunsa. Buhun da ya iso bayan gero ya fitar da kai, kasuwar Shuwarin za shi.