Likitan da ya gano sirrin kwalara da lissafi

Jama'a, a shekarar 1854 annobar amai da gudawa ta afka wa birnin Landan na ƙasar Ingila. A unguwar Soho kaɗai, sama da mutum 500 suka rasu cikin kwana goma. Likitocin zamanin sun ɗauka warin iska ke kawo cutar, amma Dakta John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambaya ina mamatan ke ɗebo ruwa. Yawancinsu a famfon titin Broad ne. Ya kai wa hukuma, aka cire hannun famfon.

Babbar hujjarsa kuwa a kudancin birnin ya samo ta. Kamfanoni biyu ke sayar da ruwa a unguwanni ɗaya, wannan gida na wannan, maƙwabcinsa na wancan. Kamfanin Southwark and Vauxhall yana jan ruwan kogin Tems daidai inda ƙazantar gari ke zuba, shi kuwa Lambeth ya riga ya koma can sama da gari. Iska ɗaya suke shaƙa, talaka da mai hali a gauraye, ruwa ne kawai ya bambanta. Cikin kowane gida 10,000, masu shan ruwan na farko sun rasa mutum 315, na biyu 37.

To, kun gani. Yawan mamata kaɗai ba hujja ba ne, sai an ce cikin nawa, an kuma gwada da wasu. Ai ko a kasuwa ba a sanin riba sai an san uwar kuɗi. In aka zargi wata rijiya a unguwa, a ƙirga masu shanta, a ƙirga masu shan wata.